Bikin Tsofaffin Motoci a Le Mans: Garin da Ke Girmama Ƙarko

 Yau za mu leƙa ƙasar Faransa, zuwa wani gari da ake kira Le Mans, mai tazarar kimanin kilomita 200 kudu maso yamma da birnin Paris. Mazauna garin ba su kai 150,000 ba, amma duk shekara idan watan Yuni ya kama sai ya cika ya batse, domin a nan ake yin tseren motocin nan na awa 24 ba tsayawa, wanda aka fara tun 1923. Motoci kan tashi da yammacin Asabar, su kwana suna gudu, sai yammacin Lahadi a duba wadda ta fi cin nisa. A 2023, da tseren ya cika shekara 100, masu shirya shi sun ce 'yan kallo 325,000 ne suka halarta. Sai dai hankalinmu a yau yana kan jajibirin tseren ne, wato ranar Juma'a, ranar da motocin zamani ke hutawa a gareji, tsofaffin motoci kuma su mamaye garin da ƙauyukan da ke kewaye da shi.

A ƙauyen Saint-Saturnin da ke arewa da garin, sama da shekara 20 ke nan mutanen wurin suna shirya taron tarbar baƙi da suke kira Classic British Welcome. Ɗaruruwan tsofaffin motoci ne ke haɗuwa, da yawansu daga Birtaniya, masu su sun tsallako teku da su, sun kuma tuƙo su da hannunsu har wurin. Ana jera su layi-layi, a ɗaga bonet, kowa ya zo ya leƙa. Ga dattijo ya sunkuya yana nuna wa jikansa kafireta da fulogi, ga wani ya shimfiɗa tsumma a ƙasa yana ɗaure wani kusoshi da ya saki a hanya, ƙamshin baƙin mai da na tsohuwar fatar kujera ya cika wurin. Da yamma kuma sai a koma tsakiyar Le Mans, inda tun 1995 ake faretin direbobi: waɗanda za su fafata washegari ana ɗora su a bayan tsofaffin motoci marasa rufi, a zaga da su titunan gari, jama'a sun yi dafifi dama da hagu. Ban da waɗannan akwai babban taron Le Mans Classic da aka fara a 2002, inda ake dawo da motocin da suka taɓa yin tseren, a kasa su rukuni-rukuni gwargwadon zamaninsu, su sake gudu dare da rana a kan hanyar da suka sani.

Wani zai ce wannan duk shagali ne na masu hannu da shuni da ke marmarin ƙuruciyarsu. Ra'ayina ya saɓa da haka. Abin da nake gani shi ne, garin Le Mans yana riƙe da wani ma'auni da duniya ke neman mantawa, wato cewa darajar na'ura tana cikin ƙarkonta da kuma yiwuwar a gyara ta idan ta lalace. Wannan ma'auni shi ya haifi tseren tun asali, kuma ba ya zama a ƙwaƙwalwar mutane sai idan suna ganin tsohon inji yana aiki a gabansu, suna kuma ganin hannun da ya tayar da shi. Domin a fahimci haka, sai mun koma mafari.

Garin nan ya san mota tun kafin duniya ta san ta. A Le Mans ne Amédée Bollée ya ƙera motarsa mai aiki da tururi a 1873, ya kuma tuƙa ta har Paris bayan shekara biyu. A kusa da garin ne aka yi babbar gasar tsere ta farko da ake kira Grand Prix a 1906, shekarar da aka kafa ƙungiyar masu motoci ta yammacin Faransa, ACO, wadda har gobe ita ke shirya tseren awa 24. Lokacin da ƙungiyar ta ƙirƙiro wannan tsere a 1923, tambayar da ke damun mai sayen mota ita ce: shin wannan abu zai kai ni inda za ni, ya dawo da ni, ko da dare ya yi mini a hanya? Saboda haka aka tsara dokokin. Motar da za ta shiga dole ta kasance irin wadda ake sayar wa kowa, da kujerunta da fitilunta. Idan ta lalace, direban ne kaɗai zai gyara, da kayan aikin da ya ɗauko a cikinta. Idan ya tsaya shan mai sai ya kashe inji, ya sake tayar da shi ba tare da an tura ba. Motoci 33 suka tashi a wannan karo na farko, cikin ruwan sama da caɓi, 30 suka kai ƙarshe. André Lagache da René Léonard ne suka zo na ɗaya a mota ƙirar Chenard et Walcker, bayan sun ci kilomita sama da 2,200.

Abin da ya faru da mota ɗaya tilo da ta zo daga Ingila a wannan shekara ya ishe mu misali. Bentley ce, John Duff da Frank Clement ke tuƙa ta. Tsakuwa ta fasa mata fitila guda cikin dare, daga baya wata ta huda tankin mai, motar ta tsaya can nesa da wurin gyara. Sai da aka ari keke aka ɗauro galan-galan na fetur aka kai mata, aka toshe hujin, ta ci gaba har ta kammala. Da shekara ta zagayo suka dawo da wata Bentley irinta an sa wa fitilu da tanki ragar kariya, an kuma ƙara mata birki a tayoyin gaba, domin ta farkon na baya kaɗai gare ta. A 1924 ita ta lashe tseren. Ga yadda abin yake aiki ke nan: hanya ta tona aibi, maƙera su koma su gyara, mai saye ya amfana. Haka aka yi da birki a 1953. Hanyar Le Mans tana da wani miƙaƙƙen titi na kusan kilomita 6, a ƙarshensa kuma akwai kwana mai tsanani kusa da ƙauyen Mulsanne. Mota ta taho a guje ta taka birki a wurin sau ɗaruruwa cikin awa 24, tsohon birki mai kama da ganga sai ya yi zafi ya daina kamawa. Kamfanin Jaguar ya zo da birki mai faifai da iska ke sanyaya shi, ya ci tseren a wannan shekara, kuma yau da wuya ka ga ƙaramar mota sabuwa da ba irinsa ne a tayoyinta na gaba ba. A 2006 Audi ta ci da injin dizal, a 2012 ta ci da motar da ke haɗa inji da lantarki.

Hausawa na cewa ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare, kuma tarihin wannan tsere cike yake da shaidar haka. A 1952 Pierre Levegh ya tuƙa motarsa shi kaɗai kusan awa 23 yana kan gaba, saura kimanin awa guda injin ya watse. A 2016 motar Toyota tana gaba, saura minti uku ko makamancin haka, wani ɗan mahaɗin bututun iska ya saki, ta tsaya a gaban dubban 'yan kallo, Porsche ta wuce ta. A ɗaya ɓangaren kuma ga Louis Rosier, mai gareji a garin Clermont-Ferrand, wanda a 1950 motarsa ta samu matsala a kan inji, ya sauko ya kwance ya canza ƙarfen da ya lalace da hannunsa, ya koma ya kamo waɗanda suka wuce shi, ya ci tseren. Duk wanda ya tsaya gaban irin waɗannan motoci a ranar Juma'ar nan, tarihin haƙuri da iya gyara yake kallo, kuma wannan ne ya bambanta bikin Le Mans da sauran baje kolin motocin alfarma.

Akwai masu tambaya: me ya hana a adana motocin a gidan tarihi, a huta da hayaniya? Gidan tarihin yana nan a bakin ƙofar filin tsere, yana kuma da amfaninsa. Amma motar da aka ajiye ba a tayarwa, a hankali robobinta kan bushe, mai ya daskare a bututu, birki ya ciije. Abin da ya fi wannan muni shi ne sanin ya tafi. Daidaita kafireta da kunne, da buga jikin mota na alminiyam da guduma har ya kwanta, da ɗaure wayoyin tsohuwar taya, da ɗinkin kujerar fata, duk sana'o'i ne da littafi ba ya koyarwa shi kaɗai, sai yaro ya tsaya kusa da maigidansa shekara da shekaru. Maigidan kuwa ba zai ɗauki yaro ba sai yana da aiki, aikin kuma ba ya zuwa sai masu motoci suna da dalilin fito da su. Ranar da aka tsayar a kalanda ita ce wannan dalili. Mutumin da ya san cewa a watan Yuni zai tuƙa motar da ta girme shi daga Ingila zuwa Le Mans, tun hunturu zai kai ta wajen bakanike. Ta haka taron kwana ɗaya yake ciyar da garejoji shekara guda, yake kuma sa ilimi ya sauka daga hannu zuwa hannu.

Yanzu bari mu saurari masu suka, domin suna da hujjoji masu nauyi. Suka ta farko ita ce batun kuɗi. Gaskiya ne farashin wasu motocin ya wuce hankali. A 2022 an sayar da wata Mercedes 300 SLR ta 1955 a kan Yuro miliyan 135. Idan mota ta kai haka ta zama kadara, mai ita zai ji tsoron ko ƙura ta taɓa ta, sai ya kulle ta a ɗaki yana jiran farashi ya ƙara hawa. Wannan haɗari ne na haƙiƙa ga gadon da muke magana a kai. Amma ku lura, taron titi shi ne maganin wannan cuta. Faretin tsakiyar gari kyauta ne. Binciken motocin tsere da ake yi kwanaki kafin gasar, a dandalin tsakiyar gari ake yinsa a gaban kowa. A filin Saint-Saturnin kuma, kusa da mota mai tsada za ka tarar da ƙaramar MG ko Triumph ko Mini ta wani malamin makaranta da ya yi ritaya, wanda ya shafe shekaru yana haɗa ta a bayan gida. Tarihin tseren ma bai taɓa zama na manya kaɗai ba. Ƙaramar Renault 4CV, motar talakan Faransa bayan yaƙi, ta yi tsere a Le Mans a farkon shekarun 1950. Jean Rondeau kuwa ɗan garin ne, ya ƙera motarsa a nan, ya sa mata sunansa, ya kayar da Porsche a 1980. Har yau shi kaɗai ne ya taɓa cin tseren da motar da ke ɗauke da sunansa. Garin da ya haifi irin wannan mutum yana da haƙƙin cewa gadon nasa ne.

Suka ta biyu ita ce gurɓata iska. Tsohon inji ya fi sabo hayaƙi, babu mai musun wannan, kuma ba za a ce wa duniya ta koma amfani da shi ba. To amma a auna abin da ma'auni. Waɗannan motoci ba su ake zuwa aiki kullum ba, kwanaki ƙalilan suke fita a shekara. Idan ana neman inda nauyin hayaƙin irin wannan taro yake, sai a dubi zirga-zirgar dubun dubatar 'yan kallo, kuma wannan ana iya rage shi: jirgin ƙasa mai sauri daga Paris kimanin awa guda yake yi, jirgin cikin gari kuma da aka buɗe a 2007 yana kai mutane har kusa da filin. Shi kansa tseren ya daɗe yana auna tsimin mai. A ƙarshen shekarun 1950 aka fara ba da lambar yabo ga motar da ta fi tattali, a shekarun 1980 an ƙayyade yawan man da kowace mota za ta sha, tun 2022 kuma man da ake amfani da shi daga ragowar amfanin gona ake sarrafa shi. Sannan akwai tambayar da masu sukar kan tsallake. Ƙera sabuwar mota yana cin ƙarfe da wuta da ma'adinai masu yawa kafin ta taka kwalta. Duniyar da ke ƙera kaya don su mutu da wuri, ta rufe su yadda ƙaramin bakanike ba zai iya buɗewa ba, ita ma tana ɓata muhalli. Motar da ta shekara 60 tana tafiya tana tuna wa injiniyoyin yau cewa ana iya ƙera abu ya daɗe, ko da lantarki zai yi aiki.

Suka ta uku ita ta fi taɓa zuciya, ita ce cewa ana kambama zamanin da ya ci rayuka. Ranar 11 ga Yuni 1955, motar Mercedes da Pierre Levegh ke tuƙawa ta yi karo a gaban rumfunan 'yan kallo, ta tashi sama ta tarwatse cikin jama'a. Shi da mutane sama da 80 suka rasu. Shi ne haɗari mafi muni a tarihin tseren motoci. Ƙasar Suwizalan ta haramta irin wannan tsere na tsawon shekaru masu yawa, Mercedes kuma ta janye daga gasa a ƙarshen wannan shekara. Duk bikin da zai nuna ƙyallin motocin wancan zamani ya yi shiru a kan wannan rana, ya ci amanar tarihi. Amma ɓoye motocin ma ba zai girmama mamatan ba. Wanda ya ga irin motar da idonsa, ya ga babu bel, babu kariya a kan direba, ga tankin mai dab da bayansa, shi zai fi gane dalilin dokokin yau. A da, direbobi kan tsaya a tsallaken titi, a ba da alama su sheƙo a guje su faɗa mota su ja. A 1969 Jacky Ickx ya ƙi gudu, ya tako a hankali, ya zauna ya ɗaure bel ɗinsa, ya tashi a na ƙarshe. A zagayen farko direba John Woolfe ya yi haɗari ya rasu. Washegari Ickx ya ci tseren da tazarar kimanin mita 120, kuma daga 1970 aka soke wannan salon tashi. A 1990 aka karya miƙaƙƙen titin nan da kwanoni biyu, bayan wata mota ta haura kilomita 400 a awa a kansa a 1988. Kowane gyara a cikin waɗannan da rai ko fargaba aka saye shi, kuma taron tsofaffin motoci shi ne wurin da ya fi dacewa a gaya wa matasa haka.

Mu da ke wannan yanki muna da alaƙa da zancen ta wata ƙofa. Kamfanin Peugeot da ya ci Le Mans a 1992 da 1993 da 2009, shi ne dai wanda aka fara haɗa motocinsa a Kaduna a 1975. Fijo 504 ta fito a 1968, ta ci gasar Safari ta Kenya a 1975, kuma an ci gaba da haɗa ta a Kaduna har cikin shekarun 2000, bayan Turai ta daɗe da dainawa. Abin da ya sa direbobin tasha daga Kano zuwa Maraɗi da Damagaram suka riƙe ta hannu bibbiyu shi ne ainihin abin da mutanen 1923 suke nema: ta ɗauki kaya, ta jure ramuka, idan ta tsaya kuma bakanike a bakin hanya ya tayar da ita. Ilimin da Turawa ke kashe kuɗi don kada ya ɓace, yana nan a hannun kanikawanmu, sai dai mu ba mu cika ɗaukarsa a matsayin abin alfahari ba, kuma tsofaffin motocin da suka yi wa ƙasa hidima yawanci a wajen 'yan gwangwan suke ƙarewa. Da tsohuwar zuma ake magani, in an adana ta.

Saboda haka hukuncina shi ne, bikin Le Mans ya cancanci a kare shi, amma da sharuɗɗa. Ya ci gaba da zama a titi da filin ƙauye inda mai ƙaramin ƙarfi zai shiga da 'ya'yansa, kada kamfanoni su killace shi a bayan shinge mai tsada. Motocin su riƙa zuwa da ƙafarsu, injin yana aiki, domin ranar da aka koma kawo su a bayan tirela don a ɗauki hoto kawai, ranar garejoji za su fara rufewa. A ba bakanike da mai walda da mai fenti matsayinsu a gaban jama'a kamar yadda ake ba direba da mai mota, a kuma jawo matasa su koyi aikin tun masu shi suna raye. Sannan a faɗi tarihin dukansa, har da ranar 11 ga Yuni 1955. Idan garin ya riƙe waɗannan huɗu, zai ci gaba da koya wa masu ƙera motoci da masu sayensu cewa a tambayi abu tsawon lokacin da zai yi yana aiki, da kuma wanda zai iya gyara shi, kafin a tambayi gudunsa.